Lambun Gida a Farkon Bazara: Jawabi ga Dattawa da Zumuntar Mata

  An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan lambun gida, wato ɗan abin da iyali za su shuka a bayan ɗaki ko gefen rijiya domin tukunyar miya. Maganata guda ɗaya ce: miyar da za mu sha a watan Mayu da Yuni, a watan Fabrairu da Maris ake shirya ta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ya sa farkon bazara?

Dukanmu mun san yadda shekara take juyawa. Daga Janairu zuwa Maris kasuwa tana cike da tumatir da tattasai da albasa na noman rani, daga wurare irin su Kadawa da Kura a Jihar Kano. A lokacin nan kaya yana da araha, ba mai tunanin gobe. Amma da zarar hunturu ya wuce, zafi ya shigo, sai kayan nan su fara janyewa. Dalili kuwa, idan zafin rana ya wuce digiri 35, dare ma bai yi sanyi ba, furen tumatir kakkaɓewa yake yi, ba ya ɗaura 'ya'ya. A watan Afrilu kuwa zafi a Kano da Katsina da Sakkwato yakan kai digiri 40. Kayan rani sun ƙare ke nan, na damina kuma ba za su iso ba sai wajen Yuli ko Agusta.

A tsakanin nan ne gida yake shiga matsi. Hatsi ya yi ƙasa a rumbu, ɗan kuɗin da ke hannu ya tafi wajen taki da iri, kayan miya kuma sun yi tsada. Wani lokaci abin yakan wuce haka. A shekarar 2016 wata tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda manoma suka sa wa suna sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina, har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A 2024 ma ta sake yin ɓarna, tumatir ya gagari gidaje da yawa.

Waɗanda suka fi jin wannan a jikinsu su ne yara ƙanana, mata masu ciki da masu goyo, da tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kowace rana. Bari kowa ya tambayi kansa ko gidansa yana kusa da wannan a watan Yuni. Ganye irin su zogale da alayyafo suna ɗauke da sinadarin da ke ƙara jini da wanda ke kare ido, abin da tuwo kaɗai ba zai ba yaro ba.

Na ɗaya: shinge da ruwa

Kafin a taɓa iri, a fara da shinge. A bazara ba ɗanyar ciyawa a daji, saboda haka duk akuyar da ke unguwa idonta yana kan koren ganyen da ta hango. Darnin kara, ko ƙaya, ko tsohon gidan sauro da aka daina amfani da shi, duk za su yi. Shinge mai kyau yana tsare lambu, yana kuma tsare zaman lafiya tsakaninka da maƙwabci, gama yawancin faɗan lambu a kan akuya da kaji yake farawa.

Sa'an nan a yi lissafin ruwa tun da wuri. A cikin zafin nan, fangali ɗaya, wanda waɗansu suke kira kwami, mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3, yana shan kamar jarka ɗaya ta lita 20 zuwa 25 a rana. Wanda jarka biyu yake iya samu, ya yi fangali biyu, ya tsaya nan. Ƙaramin lambu da ya ƙoshi da ruwa ya fi babba da ke fama da ƙishi. Fangalin bazara a yi shi ya ɗan zurfafa ƙasa domin ya riƙe ruwa. Tudun kunya na damina ne. A ba da ruwa da sassafe ko da yamma, a gindin shuka. A rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa, domin rana kada ta shanye laimar.

Iyayenmu mata, ruwan da kuka wanke shinkafa ko wake ko ganye da shi, kada ku zubar a lungu, ku kai shi lambu. Amma ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan kwata, kada ya taɓa ganyen da za a ci. Akwai kuma wata tsohuwar dabara: a binne tulun ƙasa har wuya, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa, a shuka kewaye da shi. Ruwan yana tsattsafowa a hankali zuwa saiwa, sai bayan 'yan kwanaki a ƙara.

Na biyu: taki

Takin gargajiya shi ne ƙarfin lambun gida, amma sai wanda ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka, busasshen kashin shanu da bai ruɓe ba kuma yana kiran gara. A haƙa rami a inuwa, a riƙa jera kashin dabbobi da sharar gida da ganye da 'yar toka, a yayyafa ruwa, a juya shi bayan kowane mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina wari da zafi. Wanda ya fara a Fabrairu, takinsa zai nuna daidai lokacin dashe. A tsince leda da batir da fasasshen gilashi daga takin bola kafin a kai shi lambu.

Na uku: abin da za a shuka yanzu

A zaɓi abin da yake jure zafi. Latas da kabeji da karas na hunturu ne, lokacinsu ya wuce. Abokan bazara su ne alayyafo, rama, lalo, yakuwa, kuɓewa, da zogale.

Alayyafo ya fi kowa sauri, gama cikin mako huɗu ana iya fara yanka. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka a gauraya shi da yashi kafin a watsa, domin kada ya fito a cunkushe. Idan an yanka shi aka bar gindin, zai sake tohowa. Kada a shuka duka rana ɗaya. A shuka fangali ɗaya yau, wani bayan mako biyu, ta haka ganye ba zai yanke a gida ba. Kuɓewa kuma takan fara ba da 'ya'ya cikin wata biyu. A jiƙa irinta kwana ɗaya kafin a shuka, a kuma riƙa tsinka bayan kwana biyu ko uku tun tana ɗanya, domin idan aka bari ta ƙosa, uwar takan rage haihuwa.

Zogale kuwa kowane gida ya kamata ya kasance da shi. Ana shuka irinsa, ana kuma kafa reshensa mai tsawon mita ɗaya. Idan ya kai ƙugun mutum a datse kansa, domin ya yi rassa ƙasa-ƙasa inda hannu zai kai. In za a shanya ganyen don ajiya, a shanya a inuwa, gama rana tana rage amfaninsa.

Wanda yake zaune a gidan haya a birni, ba shi da fili, kada ya ce wannan magana ba tasa ba ce. Tsohon buhu ko fasasshen bokiti, a huda ƙasansa, a cika da ƙasa kashi biyu da taki kashi ɗaya, ya isa a shuka alayyafo ko barkono.

Na huɗu: renon iri domin damina

Tumatir da tattasai da attarugu da gauta ana fara renonsu a wuri ɗaya, sa'an nan a dasa. Tumatir yana isa dashe cikin mako 3 zuwa 4, dangin barkono kuma mako 5 zuwa 6. Saboda haka kowa ya duba lokacin da ruwa yakan zauna a ƙasarsu, ya ƙirga baya. A kudancin Kaduna da Filato damina takan riga, a Zariya wajen Mayu, a Kano da Katsina kuma sai Yuni. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana kuma faɗa a rediyo. Ku saurara, kada ruwan farko ya ruɗe ku ku dasa, gama sau da yawa yakan ɗauke na mako biyu ko fiye.

A yi wa wurin renon 'yar rumfa ta ciyawa, a riƙa rage ciyawar a mako na ƙarshe domin shukar ta saba da rana. A dasa da yamma. Kafin a dogara ga tsohon iri, a gwada shi: a naɗe ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma, a duba bayan mako ɗaya. Idan waɗanda suka tsiro ba su kai 7 ba, a nemi wani. Irin da aka rubuta F1 a jikin takardarsa yana ba da amfani sosai, amma ba a ajiye 'ya'yansa don shuka ta gaba, domin ba za su fito kamar uwarsu ba.

Na biyar: itatuwan marmari

Ramin itace a bazara ake haƙa shi, ko da yake sai ruwa ya zauna za a dasa. A haƙa santimita 60 faɗi, 60 zurfi. A ware ƙasar sama, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki bokiti biyu, a mayar cikin ramin ya kwanta. Gwanda tana haihuwa cikin shekara guda, amma ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta. Tun da akwai namiji da mace, a sa uku a rami ɗaya, in sun yi fure a zaɓi mai haihuwa, a bar namiji ɗaya ga mata kamar goma. Gwaiba tana ɗaukar shekara 2 zuwa 3. Mangwaro mai aure yana fara haihuwa cikin shekara 3 zuwa 4, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa yakan kai shekara 6 ko fiye. A cire ledar kafin a dasa, a bar wurin auren a saman ƙasa, a kuma karye duk tohon da ya fito a ƙarƙashinsa. Mangwaro yana girma ƙwarai, a nisanta shi da katanga da rijiya.

Waɗanda suke da manyan itatuwa, yanzu ne mangwaro yake 'ya'ya. Duk wanda ya faɗo ya ruɓe a ƙasa, gidan tsutsar ƙudan mangwaro ne. A tsince su a binne da zurfi, ko a ƙulle su a baƙar leda a ajiye a rana.

Game da ƙwari, ina roƙonku kada a fesa fiya-fiya ko maganin auduga a ganyen da yara za su ci. A daka 'ya'yan darbejiya, wato dogon yaro, kamar giram 50 ga lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a fesa da yamma. Idan abin ya fi ƙarfin haka, a nemi malamin gona. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, da reshen cibiyar NIHORT da ke Bagauda a Jihar Kano, aikinsu ke nan.

Roƙona ga dattawa

Iyayena dattawa, a nan ne maganar ta zo kanku. Ikkilisiyoyinmu da yawa ƙanana ne, kuma a cikinsu akwai gwauraye da tsofaffi waɗanda ba su da ƙarfin haƙa rami ko kuɗin sayen iri. Amma kusan kowace majami'a tana da ɗan fili a harabarta. Ina roƙo kowane kwamitin dattawa ya ware wuri ɗaya na renon iri kafin Ista. Matasa su yi shinge da ramin taki, zumuntar mata su raba kwanakin ban ruwa, a kuma sa mutum ɗaya wanda za a tambaya idan shuka ta bushe. Aikin da aka ce na kowa ne, ba tare da an ɗora wa wani ba, shi ne yake fara mutuwa. Takarda ɗaya ta irin tumatir ko tattasai tana iya wadatar da gidaje da yawa. In lokacin dashe ya yi, a fara ba gwauraye da gidajen marayu, sa'an nan sauran jama'a. Abin da ya ragu a miƙa wa maƙwabta, ko su wane ne, gama tsadar kayan miya ba ta tambayar inda mutum yake sujada.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In muka koma gida, a cikin makon nan kowane iyali ya yi abu uku: ya gyara shinge, ya haƙa ramin taki, ya shuka fangali ɗaya na alayyafo. Waɗanda suka riga suka saba da wannan aiki su shiga gidajen 'yan'uwa su nuna musu.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.