Kankare Kulas da Zaɓen Gasket: Lacca ga Direbobi da Makanikan Tabla

 

Duk mai bin hanyar Yamai zuwa Filinge ya san wuyar da inji ke sha a kanta, balle ranar Lahadi da kasuwar Baleyara ke ci, Hiace ta cika da mutane da buhuna, ga awaki ɗaure a sama. A watannin Afrilu da Mayu kuma zafi kan haura digiri 40. A irin wannan hali ne mai mota kan je gareji ya ce: "Malam, a kankare mata kulas ta ƙara ƙarfi." A kan wannan buƙata nake so mu tsaya yau.

Kulas shi ne murfin da ke rufe saman silinda, kuma a ɗan sararin da ke ƙarƙashinsa fistan ke matse iska da mai kafin wuta ta kama. In aka kai shi ga na'ura aka ɗebe ɗan ƙarfe daga fuskarsa, sararin ya ragu, matsi ya ƙaru. A injin fetur wannan na ƙara ƙarfi, ba musu. Sai dai nawa ne ƙarin? In matsin ya tashi daga ninki 9 zuwa 10, ribar ba ta wuce wajen kashi 3 cikin 100 ba. Masu tseren motoci a Turai da Amurka suna bin wannan 'yar riba domin suna da man da aka tace musamman don jure matsi, kuma motarsu ba ta ɗaukar gero. Mu kuwa, man da matatar SORAZ ta Damagaram ke fitarwa tun 2011 na motocin yau da kullum ne, na kwalba a bakin hanya kuma ba mai iya rantsewa a kan abin da ke cikinsa. Matsi mai yawa, mai maras juriya, zafin ƙasarmu: in ukun nan suka haɗu, man zai fashe da kansa ba a kan lokaci ba, ku ji inji na ƙwanƙwasa a hawa, daga nan sai kan fistan ya fara ci. Garin neman gira an rasa ido.

A injin dizal maganar ta fi haka tsanani, kuma shi ne abincin yawancinmu. Injin 1HZ na Land Cruiser, da 3L da 5L na Hiace da Hilux, matsinsu ya haura ninki 22 tun daga masana'anta. Fuskar kulas ɗinsu shimfiɗe take, fistan kuma yana ɗan leƙowa sama da gangar inji idan ya kai ƙarshen hawansa. Kankare irin wannan ba ya ƙara ƙarfin kirki, bawul kawai yake matsowa da su kusa da fistan. Saboda haka ne Toyota ke yin gasket ɗin waɗannan injuna, wato shimfiɗar da ke tsakanin kulas da gangar inji, kauri daban-daban, kowane da alamarsa a gefe. Ana auna yadda fistan ya leƙo da agogon awo, sannan a zaɓi kaurin da ya dace. Abin yana ƙona mini rai in na ga an aiki yaro kasuwa an ce ya sayo "gasket na Hiace" kurum, alhali bambancin da ke tsakanin kaurinsu bai kai kaurin farce ba.

To yaushe kankarewa ke zama wajibi? Idan inji ya yi zafi har kulas ya karkace. A wanke fuskar tas, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye da kuma a gicciye, a zura siraran ruwan awo a ƙarƙashinsa. In karkatar ta wuce iyakar da littafin injin ya yanka, a ɗebe daidai abin da zai miƙe ta, kada a ƙara ko kaɗan. A duba tsagewa tsakanin bawul kafin a biya kuɗin na'ura. A tambayi mai motar ko an taɓa kankare shi a baya, domin yawancin motocinmu sun tsufa a hannun wasu kafin su iso mu.

Sai nau'in gasket. Gasket mai faifan ƙarfe hawa-hawa ya fi jure wuta, amma yana son fuska mai santsi ƙwarai. In na'urar ta bar zane-zane, gara mai laushi. Kada a shafa masa gam, kada a haɗa biyu don cike gurbin ƙarfen da aka ɗebe. Ƙusoshi a ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki, da makullin da ke auna ƙarfin ɗauri, wanda ya miƙe kuwa a canza shi.

Sai ruwa. Mun san ƙasarmu ta Dallol da kanwa, kuma ruwan rijiya mai gishiri yana toshe radiyeta, ya ci ƙarfe ta ciki. In babu ruwan sanyaya inji na kanti, a tari na sama da damina a tace a ajiye. Kafin mota ta bar gareji kuma, a tabbata radiyeta a wanke take, fanka na juyawa yadda ya kamata, domin in ba a gano abin da ya sa injin zafi tun farko ba, sabon gasket ɗin ma ƙonewa zai yi.