Wata Tara Ƙofa A Rufe

Uwargida, ki ɗan ajiye muciyar nan ki matso kusa, yau tarihi za mu taɓa, amma fa tarihin da ya shafi tukunyarki.

Kin san Kano da Katsina ba yau suka fara wasa da juna ba. To, kafin a kai ga wasa an sha jini. Littafin Tarihin Kano ya kawo labarin Sarkin Kano Muhammadu Alwali, wanda aka fi sani da Kutumbi, da ya yi sarauta daga 1623 zuwa 1648. Shi ne ya tasar wa Katsina da yaƙi, ya kafa sansani a Dugazawa, ya zauna wata tara cur, ba mai iya leƙowa wajen ganuwa.

Wata tara fa! Ke da kika san ciki, kin san tsawon wata tara. A cikinsu dole ko shuka ko girbi ya wuce mutum. Wanda gonarsa ke bayan gari ya yi asararta. Fatake ba su shigowa da gishiri da kanwa, itacen girki ma sai an yi dabara. Amma kullum sai yara sun ce yunwa, kuma ba wurin sarki suke zuwa ba, wurin uwa suke zuwa.

To, yaya aka yi birnin bai faɗi ba? Magabata ba gidaje kaɗai suke zagayewa da ganuwa ba. Suna haɗawa da gonaki da rijiyoyi da kududdufai, da filin da mutanen ƙauye za su fake da dabbobinsu. Ko a 1851 da Baturen nan Barth ya shiga Katsina, ya tarar yawancin cikin ganuwar fili ne da gonaki. Mu nan kudu ma haka tsofaffin garuruwanmu irin su Maska da Gozaki suka zauna cikin ganuwa. Sai kuma rumbu. Ni dai a ganina, rumbun gero da dawa ya tsare Katsina kamar yadda ƙyauren ƙofa ya tsare ta. Kuma rumbu komai girmansa, in mai awon hatsi ba ta da hankali, ba ya kai ko'ina. Ita ce ta san ranar da za a yi tuwo da ranar da za a haƙura da kunu.

Kutumbi dai ya koma gida da ganima, bai shiga birnin ba. Daga baya ya sake dawowa, Katsinawa suka mamaye rundunarsa, suka kore ta, shi kuma bai daɗe ba ya rasu a 1648. Sai a zamanin Sarki Shekarau, wanda ya hau a 1649, malamai suka shiga tsakani aka yi sulhu.

Abin da ya sa na ɗauko wannan labari ba ɓoyayye ba ne. Tun daga wajen 2019, garuruwa da yawa a Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun ga irin wannan zama: 'yan bindiga a daji, gona tana kallonka ba ka iya zuwa. Mu kuma ganuwa ta rushe, rumbun ma ya zama buhu, buhu kuwa ba ya wuyar fita. Da kaka ta yi, maigida ya loda masara sai kasuwar Funtua ko Bakori, a sayar da arha saboda biki ko sabon babur, watan bakwai a dawo ana awo da tiya.

Don haka bana, kafin mota ta zo, ki zauna da shi cikin ladabi ku yi lissafi. Tiya nawa gidanku ke ci a rana? Ki ninka har zuwa sabon hatsi, ki ƙara na baƙi, don 'yan uwan da suka gudo daga ƙauye gidanki za su sauka. Wannan kason a bushe shi sosai, a ɗora shi kan katako kada ya taɓa ƙasa, makullin kuma ya zauna a hannunki. In ya yi gardama, ki kai maganar wurin uwarsa, ita ta ga yunwar 1973 ko ta ji labarinta.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.