Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Uwa da Jarrabawar Shiga Jami'a

   

Yau maganarmu a kan jarrabawa ce. Da zarar ɗiyarki ta shiga aji shida na sakandare, za ki fara jin kuɗin WAEC, kuɗin NECO, kuɗin JAMB. Ke ce mai sayar da tunkiya, ke ce mai kwasar adashe, amma sau da yawa ba wanda ya zauna ya yi miki bayanin wacce ce wacce. To ki sani, kuskure ɗaya a wannan sha'ani shekara guda yake ci. Ɗa namiji idan ya rasa shekara yakan sake gwadawa baɗi. Ɗiya mace kuwa, kin fi ni sani, shekara ɗaya a zaune takan zama ƙarshen karatun baki ɗaya. Saboda haka ki ajiye tsintsiyar nan, ki matso kusa da rediyo.

Mu fara da WAEC da NECO. Waɗannan biyun aikinsu ɗaya ne, wato shaidar cewa yarinya ta kammala sakandare. WAEC ita ce babba a shekaru, tun 1952 aka kafa ta, kuma ƙasashe biyar ne suka haɗu a kanta: Nijeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. NECO tamu ce ta gida, an kafa ta a 1999, hedikwatarta tana Minna. WAEC ake fara yi, wajen watan Mayu zuwa Yuni, NECO ta biyo baya. Jami'o'in ƙasar nan suna karɓar kowacce. Akwai kuma NABTEB ta masu koyon sana'a da fasaha, da NBAIS ta ɗaliban makarantun Arabiyya da addinin Musulunci.

Abin da ake nema a cikinsu shi ne kiredit biyar. Sakamako yana farawa daga A1 ya sauka zuwa F9. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 an tsallake dai, amma ba su shiga lissafin biyar ɗin nan, F9 kuma faɗuwa ce. Ko ba ki iya karatun boko ba, waɗannan baƙaƙe ba za su gagare ki ba. Idan an kawo takardar, ki ce a nuna miki layin Turanci da layin Lissafi. Turanci dole ne ga kowa. Lissafi dole ne ga mai son kimiyya da aikin asibiti da harkar kuɗi. A 2025 gwamnatin tarayya ta sassauta sharaɗinsa ga masu karatun adabi da harsuna, amma kar wannan ya sa yarinya ta yi masa riƙon sakainar kashi, domin ba ta san ƙofar da za ta buɗe mata ba.

Sai tambayar da iyaye mata suka fi yi: idan kuɗin ba su isa duka biyun ba fa? Ɗaya ta wadatar, in dai kiredit biyar ɗin sun fito. Amfanin yin biyu shi ne, idan Lissafi ya ƙi a WAEC ya fito a NECO, ana iya haɗa takardun biyu, ana kiransa zama biyu. Sai dai wasu kwasa-kwasai, musamman likitanci, jami'o'i da yawa zama ɗaya suke so. Wani abin daɗi kuma, takardar WAEC ko NECO ba ta tsufa. Wadda aka samu bana tana nan da ƙarfinta bayan shekara goma.

JAMB kuwa daban take. Sunan hukumar ke nan, an kafa ta a 1978, jarrabawar da take shiryawa kuma tun 2010 sunanta UTME, ko da yake kowa JAMB yake cewa. Ita ce ƙofar shiga jami'a da kwalejin ilimi da kwalejin fasaha, har da kwalejojin koyon aikin jinya. Ki ɗauki WAEC kamar takardar gona, wadda ake adanawa a ƙasan akwati. JAMB kuma kamar tikitin mota ce, na tafiyar wannan shekara kaɗai. Idan ba a samu gurbi da ita bana ba, baɗi sai an sake saye, an sake zama.

Darussa huɗu ake yi, Turanci da wasu uku da suka dace da abin da yarinya take son karantawa. Kowane darasi maki 100, jimla 400. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 na kowane ɗaya daga sauran. In kika raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita, ko tafasar ruwan shayi ba ta kai ba. Kuma tun 2015 ba takarda ba biro, a kan kwamfuta ake yin ta.

A wajen zaɓen darussa ukun nan ne yara da yawa suke faɗawa rami. Mai son likitanci ko digirin aikin jinya, Fiziks da Kemistiri da Bayoloji za ta ɗauka. Mai son lauya tana buƙatar Adabin Turanci. Hausa da Larabci da Nazarin Addinin Musulunci duk darussa ne a JAMB, ga mai son wannan fanni. Idan yarinya ta haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗinta ba, ko ta ci maki 300 jami'a ba za ta ɗauke ta a wannan kwas ba. Hukumar tana da kundi na kyauta a intanet mai bayyana abin da kowane kwas yake buƙata. Ki sa a kai wa malaminta na makaranta ya duba kafin a biya ko kwabo.

To maki nawa ne cin jarrabawa? A taron da aka yi a 2025, an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙaranci na jami'a, 140 na kwalejojin jinya, 100 na kwalejojin ilimi da na fasaha. Amma wannan bakin ƙofa ne kawai. Kowace makaranta tana da nata ma'auni, kuma kwas ɗin da ake rububinsa, irin su likitanci da jinya da lauya, makinsa yakan haura 200 nesa. A shekarar 2025 ɗin, cikin kusan yara miliyan biyu da suka zauna, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. Kin ga ashe ba wasan yara ba ne.

Amma kar gabanki ya faɗi. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma Sakkwato tana cikinsu. Ma'ana, ɗiyar Sanyinna da ta zaɓi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da rabon da ba za ta samu ba idan ta zaɓi wata jami'a mai nisa don suna kawai. Ga kuma Jami'ar Jihar Sakkwato, ga ta kimiyya da fasaha a Aliero nan kusa da mu, ga ta tarayya a Birnin Kebbi, ga kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ga ta kiwon lafiya a Gwadabawa.

Yanzu bari mu zo kan naki aikin, wanda za ki yi daga cikin ɗakinki.

Na farko, suna. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN. Sunan da ke kan katin da ranar haihuwa su zama daidai da na takardar makaranta. A gida Indo ce, a makaranta Aisha, a kati kuma an rubuta Aishatu da sunan kaka maimakon na uba. Irin wannan saɓani yakan hana yarinya gurbi, gyaransa kuma kuɗi ne da sintiri. Ke kika haife ta, ke kika san ranar. Ki sa a karanta miki takardun tun tana aji biyar.

Na biyu, layin waya. Da layin da aka yi rajista ake karɓar saƙon hukuma, da shi ake duba sakamako. Kar a yi da layin mai shagon kwamfuta ko na wani saurayi. A samu layi na gida, ki adana shi kamar yadda kike adana 'yan kunnenki na zinari. Rajistar kuma a cibiyar da hukuma ta amince da ita kaɗai ake yi. A 2025 kuɗinta naira 7,200 ne, ko 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji. Farashi yakan canja, a tambaya a cibiyar, a kuma karɓo rasit.

Na uku, lalle. E, lallen da muke ƙunsawa. Ana ɗaukar zanen yatsu ranar rajista, a sake dubawa ranar jarrabawa, kuma hukumar da kanta ta gargaɗi ɗalibai cewa lalle yakan hana na'ura gane yatsa. Idan na'ura ta ƙi ta, ba za ta shiga ɗakin ba. Ko bikin wa ake yi, yatsun mai jarrabawa su huta daga rajista har a gama. Hijabi kuwa hukumar ta ce ba ta hana ba, sai dai za a bincika ta a ƙofa. Waya da agogo da zobe a bar su gida.

Na huɗu, kwamfuta. Yarinya da yawa ta san amsa, amma ranar jarrabawa ce ranar da ta fara taɓa kwamfuta, hannu na rawa har lokaci ya ƙare. Abin ba wuya gare shi ba: A da B da C da D na zaɓen amsa, N ta ci gaba, P ta koma baya, S ta miƙa aiki in an gama. In da hali a biya mata jarrabawar gwajin nan. In babu, wanta ko kawunta ya saka mata tsofaffin tambayoyi a waya, ta riƙa yi ana duba agogo. A kuma tambayi littafin labarin da aka sa na wannan shekara, domin ana yin tambayoyi daga cikinsa a Turanci kuma ana canja shi. Wanda yayarta ta karanta ba lalle ne shi ne nata ba.

Na biyar, kuma shi ne babba, lokaci. Ɗan'uwanta ya dawo makaranta ya ci abinci ya ɗauki littafi. Ita kuwa ga daka, ga wanke-wanke, ga ɗebo ruwa, ga goyon ƙani, wata ma ga talla. Sai dare ya yi ta buɗe littafi tana gyangyaɗi, gobe a ce ba ta da ƙwaƙwalwa. Uwargida, awa biyu a yini ta ishe ta, ɗaya bayan sallar Asuba, ɗaya bayan La'asar, na tsawon wata huɗu ko biyar. A raba aikinta ga ƙannenta, a yi magana da abokiyar zama cikin mutunci, yau ɗiyarki ce gobe tata. Ki zauna kusa da ita da saƙarki ko tsintar shinkafarki, ki ce ta faɗa miki da Hausa abin da ta karanta. Abin da ta iya mayar miki da Hausa, to ya zauna.

Sannan ki yi hattara da masu cewa a kawo kuɗi za su ba da amsa, ko za su ƙara maki. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Satar jarrabawa laifi ne a dokar ƙasa, ana soke sakamako a kanta. Ki kuma tambayi kanki, za ki yarda unguwarzomar da ta sayi takardarta ta karɓi haihuwarki?

Maigida kuma a same shi da wuri, lokacin da ransa yake sanyi. JAMB takan buɗe rajista a farkon shekara, a yi jarrabawar wajen watan Afrilu, kafin WAEC ma. Hukuma ce take zaɓa wa yarinya cibiya a cikin garin da ta nema, wani lokaci kuma da sassafe ake shiga. Sai a san wanda zai raka ta, da gidan ɗan'uwan da za ta kwana, da kuɗin mota. Bayan sakamako ya fito ma da sauran aiki. A sa a ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafinta na JAMB, a saurari tantancewar makarantar da ta zaɓa, idan an ba ta gurbi kuma sai ta shiga shafin ta karɓa da kanta.

Idan kuma ba a dace ba, ƙofa ba ta rufe ba. Akwai IJMB, shirin share fage na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda mai cin sa take shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Mai takardar NCE ko difloma ma tana da irin wannan hanya. Ke ma amarya da aure ya katse miki karatu, WAEC da NECO suna da jarrabawar 'yan waje a ƙarshen shekara, ba ruwansu da shekarunki ko yawan 'ya'yanki. Da yardar maigida, kina ɗakinki za ki shirya.

'Yan uwa, karatun mace daga cikin gida gadonmu ne a ƙasar nan. Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna kai wa mata ilimi har tsakar gida. Yau duk muna son idan ciwo ya kai mu asibiti mu tarar da mace 'yar uwarmu ce za ta duba mu. Wannan macen kuwa daga ɗakin wata uwa za ta fito, uwar da ta ɗauke mata tulu ta miƙa mata littafi.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ta ba yaro ya rubuto, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba yaranmu sa'a, ya sa albarka a karatunsu, ya ba iyaye abin ɗawainiya. A gaida maigida da yara. Wassalamu alaikum.