Matsayin Malami A Ajin Koyo Ta Hanyar Aiki



Ya ku 'yan'uwa malamai da iyayen yara, mas'alar da za mu tattauna yau ita ce matsayin malami a ajin da ake koyarwa ta hanyar aiki. Abin nufi shi ne a ɗora wa ɗalibai wani aiki na haƙiƙa wanda zai ɗauke su makonni, su kasu rukuni-rukuni, su yi bincike, su auna, su rubuta, sa'an nan su gabatar da natija a gaban jama'a. Alal misali, a ce su binciko dalilin da ya sa ruwan rijiyar unguwa yake gurɓata da damina.

Akwai wata shubuha da ta shiga zukatan wasu game da wannan tsari. Suna zaton tunda ɗalibi ne yake aikin, to malami sai ya koma gefe ya naɗe hannu. Wannan kuskure ne, kuma tarihi ya tabbatar da hakan.

Wanda ya yaɗa wannan hanya shi ne William Kilpatrick na Jami'ar Kolumbiya a Amurka, cikin wata maƙala da ya buga a 1918. A shekarun 1920 Tarayyar Sobiyet ta ɗauki tsarin ta shigar da shi makarantunta, aka rage darussa masu tsari, aka raunana matsayin malami. A 1931 Kwamitin Tsakiya na Jam'iyyar Kwaminis ya fitar da doka yana sukar hanyar, bisa hujjar cewa yara suna fitowa ba su riƙe tushen lissafi da harshe da kimiyya yadda za su shiga manyan makarantu ba. Shi kansa John Dewey, malamin Kilpatrick, ya yi gargaɗi a littafinsa na 1938 cewa malami ya fi kowa a ajin gogewa, saboda haka hana yara amfana da gogewarsa da sunan ba su 'yanci tauye musu haƙƙi ne.

A 2006 wasu masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, suka sake tayar da muhawarar. Hujjarsu ita ce ƙwaƙwalwar mai koyo ba ta iya riƙe sababbin abubuwa da yawa lokaci guda, don haka idan aka bar mafari ya yi ta lalube, ƙarfinsa zai ƙare a laluben bai koyi komai ba. A 2007 masu kare tsarin suka mayar da martani cewa idan an yi shi bisa ƙa'ida, cike yake da shiryarwar malami. Ku lura, ɓangarorin biyu sun haɗu a kan wajibcin shiryarwa. To, yaya ake yin ta?

Na farko, malami ya bayyana manufa tun ranar farko: wace tambaya ake son amsawa, wane ilimi ake son samu, da wane ma'auni za a auna aikin. Rukunin da bai san inda aka dosa ba zai ɓata makonni yana ƙawata allon zane, alhali bai auna nisan rijiyar da masai ba.

Na biyu, ya riƙa tambaya, kuma ya yi haƙurin jiran amsa. A farkon shekarun 1970 wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta gano cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa 1 kawai bayan sun yi tambaya. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, kuma yaran da ba sa magana suka fara sa baki. Idan yaro ya ce ruwan sama ne yake ɓata rijiyar, kada a yi gaggawar gyara masa. A ce masa, "Mece ce hujjarka? Ta ina ruwan ya bi?"

Na uku, ya tsara maganar ɗalibai a tsakaninsu. A kowane rukuni akwai mai danne 'yan'uwansa da surutu, akwai kuma mai kunya wanda wataƙila amsar tana bakinsa. Sai a raba ayyuka, wannan ya rubuta, wancan ya auna, wani ya gabatar, a riƙa juya su, malami yana zagayawa yana saurare.

Na huɗu, idan ya ga aikin ya tsaya saboda an rasa wani tushe, kamar lissafin kaso cikin ɗari, ya dakatar da kowa ya koyar da shi kai tsaye. A 1976 Wood da Bruner da Ross suka kwatanta irin wannan taimako da katakan da magina ke kafawa su taka, waɗanda ake kwance su idan gini ya tsayu. Haka malami zai yawaita taimako a farko, ya rage shi sannu a hankali.

Ya ku 'yan'uwa, wannan tsari ya fi karanta littafi a gaban aji wahala ga malami, musamman inda ɗalibai suka yi yawa. Wanda zai fara, ya fara da ƙaramin aiki na mako 2, ya rubuta tambayoyinsa tun kafin ya shiga aji. Shekarun yaran nan amana ce a hannunmu, wadda ta wuce kuwa ba ta dawowa.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.