Amsar Wasiƙunku: Mai Ciwon Sukari Zai Iya Samun Inshorar Rai?

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin irin wadda ake gyara zama ce kafin a amsa.

Ta fito ne daga wani bawan Allah mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce shekarunsa 48, matansa biyu, 'ya'ya tara, kuma yau shekara huɗu ke nan da likita ya shaida masa yana da ciwon sukari. Ya je wani kamfani neman inshorar rai domin iyalinsa su sami abin riƙewa in ta Allah ta kasance. Ma'aikacin na jin maganar sukari sai ya ajiye biro, ya ce a dawo wani lokaci. To, wani abokinsa ya ba shi shawara ya tafi wani kamfanin, ya yi gum da bakinsa game da ciwon. Yana tambaya, shin mai sukari ba ya samu ne sam? Kuma ya bi shawarar abokin nan?

Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara da ta biyun, don ita ce mai haɗari. Kada ka ɓoye. Ko da wasa. Fom ɗin nan da za ka sa wa hannu, a kansa aka gina yarjejeniyar baki ɗaya. Ranar da ka sa hannu ba wanda zai tsananta bincike, kuɗinka za su karɓa da fara'a. Binciken yana zuwa ne ranar da ba ka nan, lokacin da uwargida ko babban ɗanka ya je karɓar hakki. A ranar za a nemi takardun asibiti, a ga ashe tun kafin yarjejeniya kana karɓar maganin sukari, sai kamfani ya ce an yaudare shi, ya ƙi biya. Ka yi shekaru kana zubi, marayu su tashi a tutar babu. Kai ɗan kasuwa ne, ka san hukuncin wanda ya sa tsakuwa a gindin buhun gero ya rufe da mai kyau a sama. Abokin naka yana ƙaunarka, amma wannan shawara ka bar masa kayarsa.

Sai ta farkon. Mai sukari yana samu, sai dai ba kowa ba, kuma ba a farashi ɗaya da lafiyayye ba. Kamfanin inshora lissafi yake yi, kamar yadda kake duba hatsi kafin ka yanka masa kuɗi. Bayan ya duba lafiyarka zai iya karɓarka a farashin kowa, wanda bai cika faruwa ba, ko ya karɓe ka da ƙarin kuɗi, ko ya ce a dakata sai sukarin ya daidaita, ko ya ƙi. Ƙarin kuɗin shi ne aka fi gani. A misali kawai, in tsaranka lafiyayye yana zuba naira 10,000, kai a ce maka 15,000. Ina kyautata zaton “a dawo wani lokaci” da aka ce maka ba kora ba ce. Ka koma ka tambaye su, me kuke so in kawo?

Abin da za su duba, na farko irin ciwon. Akwai wanda ya fi kama yara da matasa, mai shi ba ya rayuwa sai da allurar insulin. Akwai kuma na biyu, wanda ya fi yawa, mai zuwa wa mutum bayan ya manyanta, sau da yawa ana riƙe shi da ƙwayoyi da gyaran abinci da motsa jiki. Tun da kana da shekara 44 aka gano naka, ga alama na biyun ne, amma likitanka ne zai tabbatar. Kamfanoni sun fi sassauci ga wannan. Za su kuma tambayi ko ciwon ya taɓa ƙoda, ko ido, ko zuciya, ko akwai gyambon da ya ƙi warkewa a ƙafa. Za su auna hawan jini da nauyinka. In kana shan taba, to ka haɗa wa kanka biyu.

Akwai wani gwaji da nake so kowane mai sukari ya riƙe sunansa, ana ce masa HbA1c. Gwajin da ake tsira maka allura a yatsa da safe, sukarin wannan lokacin kawai yake nunawa. Shi kuwa wannan, yana tona yadda sukarin ya kasance cikin jini wata biyu zuwa uku da suka wuce. Saboda haka wanda ya yi wata uku yana shan shayi cokali huɗu-huɗu da lemon kwalba, ya zo ya kame baki kwana biyu kafin gwaji, ba zai tsira ba! Daga 6.5 cikin ɗari ake cewa mutum yana da ciwon, kuma ga yawancin manya likitoci suna son a riƙe shi ƙasa da 7. Mai sikila ko ƙarancin jini ya faɗa wa likita tukuna, domin waɗannan suna iya karkatar da sakamakon.

A nan zan yi wa mutanenmu na karkara ɗan tsegumi. Mu ba mu da ajiyar takarda. Katin asibiti yana cikin aljihun tsohuwar riga, takardar gwaji an ƙunshe ƙosai da ita. Wani kuma da ya ji sauƙi sai ya watsar da asibiti ya koma ga mai maganin da ke shela da lasifika ranar kasuwa, wai yana warkar da sukari cikin kwana bakwai. Kamfani ba ya karɓar “wallahi na ji sauƙi”. Takarda yake so, mai nuna wata da watanni kana zuwa asibiti kana shan magani. Alhaji, ka sami jaka guda ka tara su, ita ce za ta yi maka ciniki.

Kada kuma ka tsaya a ƙofa ɗaya. Wani kamfanin ya ƙi, wani ya karɓa. Dillalin inshora mai rajista zai iya zagaya maka. Ka tambayi yarjejeniya mai wa'adi, wato ta shekara 10 ko 15, daidai lokacin da ƙananan yaran za su kawo ƙarfi, domin ta fi ta har-abada araha. Sannan akwai inshorar taro. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, kuma a irin wannan ba a cika gwada kowa ɗaya-ɗaya ba. Kai ba ma'aikaci ba ne, amma ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta manoma mai rajista tana iya neman irin wannan ga 'ya'yanta. Ku tayar da maganar a taronku.

Na san wasu suna can suna cewa, Malam, inshora ta halatta kuwa? Fatawa ta malamai ce. Abin da zan shaida muku shi ne akwai tsarin takaful, inda jama'a ke zuba gudummawa a asusu guda don tallafa wa wanda abu ya sama, ba tare da kuɗin ruwa ba. Hukumar NAICOM, mai kula da harkar inshora a Nijeriya, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Amma fa su ma za su tambayi lafiyarka, su ma gaskiya za ka faɗa musu.

Kafin ka ba kowa ko kwabo, ka tabbata kamfanin yana da lasisin NAICOM, ka biya ta banki da sunan kamfani, ba aljihun wakili ba, ka karɓi rasit. Ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka takardar, musamman wurin da aka jera abubuwan da ba za su biya a kansu ba. In ka daina zubi, yarjejeniya tana iya mutuwa, saboda haka kada ka ɗauki wadda za ta gagare ka a shekarar da kasuwa ta faɗi. Kuma ka nuna wa iyali inda takardar take, ka gaya musu za a nemi takardar shaidar rasuwa, wadda asibiti da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa.

Wata baiwar Allah ta rubuto tana tambaya ko wannan inshora za ta saya mata maganin sukari. A'a Hajiya, waccan inshorar lafiya ce, dabam take, ita za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.