Mudu Biyu A Gida Ɗaya

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙarshen zango na zumuntar ɗalibai Kirista)

 

An umurce mu mu yi magana a kan yadda Kirista zai bi koyarwar Littafi Mai Tsarki a zamansa na yau da kullum. Wannan fage ne mai faɗin gaske, ya ƙunshi aure da tarbiyyar 'ya'ya da zaman maƙwabtaka, ga shi kuwa akwai waɗanda suka fi mu shekaru da sani zaune a nan. Saboda haka muka ga ya fi mana mu ɗauki abu guda ƙarami, wanda ba gidan da ba a san shi ba, mu tsaya a kansa. Abin nan kuwa shi ne mudu.

Tun daga Dawanau ta Kano, inda ake cinikin hatsi mota-mota, har zuwa 'yar kasuwar ƙauye mai ci sau ɗaya a mako, da mudu ko tiya ake rabuwa tsakanin mai saye da mai sayarwa. Kowa kuma ya san dabarun da marasa tsoron Allah kan yi. Wani ya bubbuga gindin mudu ya shige ciki domin ya rage ci. Wani ya ajiye biyu, babba na karɓar hatsi daga hannun manomi, ƙarami na auna wa matar da ta zo da kuɗin cefane ƙulle a bakin zane. Wani ya zuba tsakuwa da ƙaiƙayi a tsakiyar buhu, ya lulluɓe da mai kyau a sama. Iyayenmu sun daɗe da raɗa wa waɗannan suna, watau tauye mudu da algus.

Wanda bai saba da Littafi Mai Tsarki ba zai yi mamakin yawan wuraren da aka yi maganar awo a cikinsa. A Littafin Firistoci sura 19, surar da aka umurci jama'ar Allah su zama tsarkaka, aka kuma umurci mutum ya ƙaunaci maƙwabcinsa, a nan ne, aya 35 da 36, aka kafa dokar ma'auni na gaskiya. Maimaitawar Shari'a sura 25 ta ƙara tsanantawa. Ta haramta wa mutum ko da ajiye duwatsun awo iri biyu a jakarsa, ko mudu iri biyu a gidansa. Ku lura da kyau, ajiyewar ma kawai laifi ce, tun kafin a auna wa kowa, domin wanda ya tanadi ƙaramin mudu ya riga ya yanke shawara a zuciyarsa, jiran ranar kasuwa kaɗai yake yi. Littafin Karin Magana kuma ya koma kan zancen a sura 11 da 16, da sau biyu a sura 20.

Amma wanda ya fi kowa zafi a kan wannan al'amari shi ne annabi Amos. Makiyayi ne, mai kula da itatuwan ɓaure, mutumin Tekowa, wani ƙauye kimanin mil 10 kudu da Urushalima. Masana na ƙiyasta cewa ya yi annabci wajen shekara ta 760 kafin haihuwar Almasihu, zamanin sarki Yerobowam na biyu, lokacin da ƙasar Isra'ila ke cikin wadata. Attajiran Samariya har da hauren giwa suke ƙawata gidajensu da gadajensu, kuma masu haƙar kayan tarihi sun tono ɗaruruwan gutsattsarin wannan haure a Samariya a shekarun 1930. Wuraren sujada cike suke, hadayu ba su yankewa, mawaƙa na ta kaɗa molo. Kowa ya duba sai ya ce addini ya zauna da gindinsa.

To, a sura 8 Amos ya buɗe mana zuciyar 'yan kasuwar. Suna kiyaye ranar Asabar da bikin tsayawar wata sarai, ba wanda zai kama su da buɗe rumfa, amma ƙosawa suke yi ranar ta wuce su koma ciniki. Domin mu gane irin cutar da suke yi, sai mu tuna cewa a lokacin ba a fara buga tsabar kuɗi a ƙasar ba. Mai saye yakan zo da gutsuren azurfa, a ɗora a sikeli, a gwada da dutsen da ake kira shekel. Duwatsun shekel da aka tono a ƙasar Yahuza nauyinsu giram 11 ne da 'yan kai. Hatsi kuwa da mudun da ake kira efa ake auna shi. Sai ɗan kasuwa ya rage girman efa, ya kuma ƙara nauyin shekel. Talaka ya karɓi hatsi kaɗan, ya biya azurfa da yawa, an cuce shi sau biyu a ciniki guda. Bugu da ƙari har sharar alkama suke haɗawa su sayar masa, in bashi ya yi masa katutu kuma su saye shi kansa a bakin kuɗin takalmi. Saƙon da Amos ya kawo musu shi ne Allah ya ƙi idodinsu, ba ya kuwa son jin waƙoƙinsu, sai gaskiya ta gudana a ƙasa tukuna. Ladan da ya samu shi ne Amaziya, firist na Betel, ya kai ƙararsa wurin sarki, ya kuma ce masa ya koma Yahuza ya nemi abincinsa can.

'Yan'uwanmu Musulmi da ke nan sun san wannan zance ba baƙo ba ne gare su. Akwai sura sukutum a Alƙur'ani, ta 83, wadda ta buɗe da gargaɗin masu tauye awo, ga kuma labarin Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana. Ma'anar wannan gare mu Kirista ita ce, maƙwabcin da bai taɓa taka ƙofar majami'a ba, bai kuma taɓa jin wa'azinmu ba, ya san mudun gaskiya in ya gan shi, da shi kuwa zai gwada bangaskiyarmu.

Hukuma ma ba ta yi shiru ba. Ƙasar nan tana da dokar awo da ma'auni ta 1974, da ma'aikatan da aikinsu ke nan su duba sikeli da famfon gidan mai. A 1984 aka yi Yaƙi da Rashin Ɗa'a, a 2000 aka kafa ICPC, a 2003 kuma EFCC. Duk da haka mai mota na shakkar litar da aka zuba masa, uwargida kuma takan tafi kasuwa da nata mudun a cikin kwando.

Wataƙila wani zai ce, mu ai ɗalibai ne, ba mu da rumfa a kasuwa, me ya haɗa mu da mudu? Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka hau naka ka hango na wani. Takardar digirin da muke wahala dominta mudu ce. Da ita ƙasa za ta auna wanda za ta danƙa wa wuƙar tiyata, da wanda zai lissafa ƙarfen gada, da wanda zai tsaya gaban yara sittin da alli a hannu. Ɗalibin da ya shiga ɗakin jarrabawa da amsa a rubuce a cinya ko a cikin waya ya bubbuga gindin wannan mudu, kuma majinyacin da zai faɗa hannunsa bayan shekara biyar shi ne zai karɓi awon. Ciwon ba na yau ba ne. Tun a 1977 aka yi fallasar takardun jarrabawar sakandare, abin da 'yan makaranta ke kira "ekspo", kuma dokar soja ta 1984 da ta tanadi ɗaurin shekara 21 ba ta kashe ta ba. Haka nan wanda ya sa hannu a takardar halartar lacca a madadin abokin da ke barci a ɗaki. Akwai kuma wanda ya fi waɗannan ban takaici, shi ne ɗalibin da zai aika gida ya ce kuɗin littafi dubu goma ne alhali dubu shida ne, tsoho ya buɗe rumbu ya fitar da dawar da aka tanada domin damina. Wannan ya ajiye mudu biyu, ƙaramin kuwa mahaifinsa yake auna wa da shi.

Sa'an nan ga abin da ke jiranmu bayan bautar ƙasa. Waɗansunmu za su zauna a ofishin da fayil ba ya motsi sai an ba da goro. A nan tilas mu saurari uzurin da akan kawo, domin ba uzurin banza ba ne. A 2024 aka tsai da mafi ƙanƙantar albashi a kan naira 70,000, alhali a ƙarshen shekarar 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya zarce wannan kuɗi a kasuwanni da yawa. Magidanci mai 'ya'ya huɗu ya yi ƙaƙa? Littafi Mai Tsarki bai kau da kai daga wannan ba. A Luka sura 3, da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma suna tambayar abin da za su yi, bai ce su bar aikinsu ba, bai kuma ɗora musu azumi ba. Ya ce wa na farko kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, na biyun kuma kada su yi ƙwace ko ƙazafi, albashinsu ya ishe su. Magana ce mai nauyi. Amma littafin da ya faɗi haka shi ne kuma ya umurci mai ba da aiki, a Maimaitawar Shari'a sura 24, ya biya ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi, Yakubu kuma a sura 5 ta wasiƙarsa ya ce hakkin ma'aikacin da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji. Ashe hukumar da ta riƙe albashin malamai wata uku ita ma tauye mudu take yi, haka nan makarantar ikkilisiya da ke biyan malamanta abin da ba zai kai su tsakiyar wata ba, haka nan uwargida mai waƙa a ƙungiyar mawaƙa wadda 'yar aikinta ba ta ga ko kwabo ba tun Kirsimeti.

Ba za mu ruɗe ku da cewa mai riƙon gaskiya zai yi arziki ba, ko da yake mun san akwai masu wa'azin haka. Sau da yawa abin da zai samu shi ne a mai da shi wani lungu inda ba kowa, abokan aiki su riƙa yin shiru in ya shigo. Mafi ciwo kuma daga gida zai fito. Dangin da suka sayar da akuya suka biya kuɗin makaranta za su ga sa'ansa ya gina gida cikin shekara uku, su tambaye shi shi me yake jira. A ranar godiya kuma ya ga an kira wancan sa'an nasa gaban ikkilisiya ana tafa masa saboda ya sayi kwanon rufi, ba wanda ya tambayi inda kuɗin ya fito. A ganinmu wannan tafi yana rushe abin da wa'azin shekara guda ya gina. In har muna so ɗan'uwa ya tsaya, wajibi ne zumunta ta zama wurin da zai jingina ranar da tsayawar ta jawo masa asara, a taimake shi da kuɗin haya, a nema masa wani aiki, a kuma je a yi wa iyayensa bayani.

Saura wanda ya riga ya auna da ƙaramin mudu. Labarin Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, yana Luka sura 19, yaran makarantar Lahadi ma sun san ya hau itace saboda gajarta. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne lissafinsa. Bisa ga Littafin Firistoci sura 6, wanda ya zambaci wani ya kuma tuba, zai mayar da abin ne ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Biya ninki huɗu kuwa, a Fitowa sura 22, hukuncin ɓarawon tunkiya ne wanda ya yanka ko ya sayar. Zakka ya tsallake mai sauƙin, ya ɗora wa kansa na ɓarawo, bayan ya ba matalauta rabin dukiyarsa, sa'an nan Yesu ya shaida cewa ceto ya sauka a gidan. Mun saba da tuban fitowa gaba da hawaye. Na mayar da kaya ya yi ƙaranci a cikinmu, domin shi sai an ƙwanƙwasa ƙofar wanda aka cuta, an dube shi ido da ido, an faɗi adadi.

Shawarar da muke kawowa gaban shugabanni ita ce mu fara da namu gidan. Zumuntar nan tana karɓar baiko kowane mako, tana tara gudummawar zango, tana sayar da riguna da kalanda. Muna roƙo daga zango mai zuwa ma'aji ya riƙa karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, a manna takardar a allon sanarwa, a kuma zaɓi mutum biyu da ba sa cikin shugabanni su duba rasit ɗaya bayan ɗaya. Ba muna zargin kowa ba ne, ma'ajinmu ma shi zai fi kowa samun kwanciyar rai. In taro ya amince, sai a sa shi cikin ajandar zaman shugabanni na farko bayan hutu.