LOKACI HALITTA NE, YANA DA ƘA'IDARSA

 Ya ku 'yan'uwa, maudu'inmu a yau shi ne lokaci, wanda Allah Ya yi rantsuwa da shi a Suratul Asri.

A shekarar 1687 Aizak Niyuton, masanin Ingila, ya rubuta cewa lokaci yana gudana bai ɗaya a ko'ina, babu abin da ke taɓa shi. A kan haka masana suka zauna fiye da shekara 200, har Albat Ainstain ya zo da nazarinsa a 1905 da 1915. Ya nuna cewa gudun haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, shi ne ba ya canzawa ga kowane mai awo. Amma agogon da ke tafiya da gudu yana jinkiri, haka ma agogon da ke kusa da abu mai nauyi kamar ƙasa.

Kada wani ya ce tatsuniya ce. A 1971 masana biyu 'yan Amurka sun zagaya duniya a jirgin sama da agogunan atom. Da suka dawo, agogunansu sun saɓa da na ƙasa kamar yadda lissafi ya faɗa. Taurarin ɗan'adam na GPS kuwa, a nisan kimanin kilomita 20,000, agogonsu yana riga namu da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana. Da ba a gyara wannan, da kuskurensu ya kai kilomita 10 a rana. Da su ne wayarka take sanin inda kake, har ta ba ka alƙibla da lokacin salla.

Darasi na farko, 'yan'uwa: abin da gudu da nauyi ke canzawa halitta ne, mai bin ƙa'idar da aka ɗora masa.

Na biyu gargaɗi ne. Wasu matasa suna gaggawar fassara ayoyi da wannan nazari, musamman masu maganar tsawon yini a wurin Allah. A yi hattara! Nazarin Niyuton an yi masa gyara, na Ainstain ma masana na ci gaba da gwada shi. Wanda ya ɗaure aya da nazari, ina zai sa kansa ranar da aka gyara nazarin? Tafsiri yana da malamansa da ƙa'idojinsa, kimiyya ma haka. Mu tura 'ya'yanmu su koyi duka biyun da kyau.

Allah Ya sa albarka a lokacinmu.